Bana Ki Rufe

Dreischor, farkon Satumba, 1873

Zuwa ga ƙanin mijina Lieven,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba Wolfert. Ina fata kai da matarka Ishbel da yara kuna lafiya, kuma hayaƙin garin naku na Skotlan bai gama cinye maka ƙirji ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke kumbura in an yi ruwa. Idonsa kuwa garau yake. Jiya daga bakin ƙofa ya hango an ɗaura wa doki sirdi a karkace a gonar maƙwabta, ya yini yana mita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jar saiwar rini da marigayi yayanka Joos ya dasa a gonar bayan ganuwar teku. Wannan ce kakarta ta biyu a ƙasa. Ka san ita kaɗai ya bar mana, kuma abin da ta kawo shi zai riƙe gonar da gidan nan. Kai da ka bar gona tun kana yaro ka koma wajen marina, bari in tuna maka kada ka ce ka manta. Ko dai in sa a haƙe ta yanzu, ko kuwa in rufe ta, wato a kwashe ƙasar kwari a lulluɓe kunyoyin saboda sanyi, ta ƙara shekara. 'Yar shekara uku ta fi kauri, janta ya fi zurfi, dillalai kuma sun fi girmama ta.

Ranar Asabar masu rabo a gidan busarwa suka jefa ƙuri'ar wanda zai fara busar da saiwarsa, na ci layi na uku. Maƙwabcinmu Stoffel ya ci na can ƙarshe, wajen Fabrairu, tun ranar kuwa bai bar ni na huta ba. Ya zo ya zauna, ya sha kofi, ya yaba min labule, ya yaba kyanwa, daga ƙarshe ya ce in zan rufe bana in ba shi layina, baɗi ya ba ni nasa, ya ƙara min da aron dawaki lokacin huɗa. Baba yana goyon bayansa. Ya ce wanda ya haƙa 'yar shekara biyu ya yanka kaza ranar da za ta fara ƙwai.

Da zan bi Baba ido rufe, sai dai wani abu ya tsaya min. Dillalin Rotterdam da ke zuwa kasuwar Zierikzee, wanda a da yake bin manoma har gida, bana hannu kawai yake ɗaga musu. Ana kuma ta raɗe-raɗin wai Jamusawa suna haɗa ja a kwalba. Baba dariya yake yi. Ya ce haka aka tsorata mutane lokacin da saiwar Faransa ta shigo kasuwa, ga shi har yau kajin da ke kiwo a bayan gidan busarwa in an yanka su ƙashinsu ja ne.

Kai kana zaune inda saiwar take ƙarewa. Kalma ɗaya nake so daga gare ka: in haƙa ko in rufe? Shugaban masu haƙa yana son amsa kafin wata ya ƙare. Zan ba Marinus mai jirgin ruwa wannan wasiƙar, jirginsa zai kai ganguna Glasgow.

Matar yayanka,
Krina


Renton, ranar Lahadi

Yaya Krina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Mu duka lafiya, ƙaramar ta fara tafiya.

Ba zan tsawaita ba, domin wasiƙar nan a jakar ma'aikata za ta fita, kuma ba kowace magana ce ake sawa a jakar ba. Batun gonar Joos ne. Bana ki rufe. Kada ki jinkirta, kada ki tambaye ni dalili, kuma duk wanda ya ce miki ki yi wani abu dabam kada ki saurare shi, komai girmansa. Ban taɓa sa baki a harkar gonar ba tun rasuwar Joos, kin sani. Wannan karon na sa, ki ɗauke shi da nauyinsa.

Kada ki nuna wa kowa takardar nan.

Ƙaninki,
Lieven


Dreischor, farkon Oktoba, 1873

Ƙanina Lieven,

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga kai da iyali, ka sumbatar min mai sabuwar tafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, ko da yake kai ba ka tambaya ba. Ban taɓa ganin amsarka ta zo da sauri haka ba. Ashe jirgin Marinus ya fi gidan waya. Sai dai rowar kalmomi, kamar da kuɗi ake sayar maka da tawada.

Na yi abin da ka ce, na rufe.

Washegarin zuwan wasiƙarka na sallami masu haƙa. Shugabansu ya ce ba komai, akwai aiki a tsibirin Tholen, abin da zai yi kewa kawai shi ne waken da kitsen da nake dafa musu. Ni kuwa ban yi kewa ba, mutanen nan suna ci kamar gara. Daga nan na tafi gidan busarwa, a gaban mai busarwa da mutum biyu na miƙa wa Stoffel hannu, na ba shi layina na uku. Ya riƙe hannun kamar zai tafi da shi gida. Ya ce, "Maƙwabciya, Allah ya ba ki miji mai hankali irin naki." Na ce masa na riga na yi guda, ya ishe ni.

Rufewar ta ci mana mako biyu. Ƙasar ta yi laushi, ta kwanta a kan kunyoyin lumui, in ka tsaya a kan ganuwa ka duba sai ka ce an shimfiɗa barguna. Ban nuna wa Baba takardarka ba, na dai ce masa bakinka ya zo ɗaya da nasa. Ka ga farin ciki. Ya ce ashe Skotlan ba ta gama lalata yaron ba. Da yamma ya zauna yana ba ni labarin da na ji sau ɗari, yadda kakansa ya ce rigar sojan Ingila ja da wandon sojan Faransa ja duk daga ƙasa irin tamu suka fito, har su je su kashe juna mu dai an biya mu. Ya ce manyan gidajen Zierikzee ba da bulo aka gina su ba, da saiwa ne.

Ni ma hankalina ya kwanta. Ban faɗa wa kowa ba, amma ban so a tumɓuke abin da Joos ya dasa tun bai kai ba. Yanzu ta samu shekara guda, ni ma na samu.

Ka ce kada in tambayi dalili, ban tambaya ba. Na ɗauka kun ga alamar farashi zai tashi baɗi. Wannan ta gidan waya zan aiko.

Matar yayanka,
Krina


Glasgow, tsakiyar Oktoba, 1873

Yaya Krina,

Ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar ke nan, sauran takardar duk magana ce.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso gare ni. Jirgin Marinus ya tsaya gyara a hanya, ta farkon tana aljihunsa. Wadda na aiko miki ba amsa ba ce. Na rubuta ta ban san kin yi tambaya ba, ban ga kalmominki biyu ba. A nan in an ce a rufe, ana nufin a gama da abu, a sayar da abin da ya saura, a fita daga harkar. Kullum haka nake ji a ma'aikata, har bakina ya saba. Abin da na so in ce miki shi ne ki haƙe saiwar duka bana, ki sayar, ki rabu da ita. Ni ɗan Wolfert ne, amma na rubuta wa mai gonar saiwa "ki rufe" a watan Satumba, ban ji abin da na rubuta ba.

Na shigo jirgin ƙasa zuwa Glasgow don in jefa wannan a gidan waya da hannuna. Mai ma'aikata ya sa mu da ke ɗakin haɗa launi mun yi alkawarin shiru, domin yana da saiwa jibge a sito da yake son sayarwa kafin kasuwa ta farga. Wanda ya yi magana zai bar aiki, ya bar gidan ma'aikata. Ga dalilin da na hana ki tambaya.

Maganar Jamusawa gaskiya ce. Daga kwaltar da ake samu in an ƙona kwal suke fitar da jan, ya zo mana a ganga kamar kunu. Tun bazara muke gwada shi a ɓoye. Kin san jan da muke yi ba wasa ba ne. Yadi sai ya sha mai, ya sha kashin tumaki, ya sha jinin shanu, ya yi makonni yana shiga yana fita kafin ya ga saiwa. Indiya ake kai yawancinsa, amare ke sawa, kuma 'yan kasuwar can in ja ya zuba ko kaɗan dawo da shi suke yi. To mun rina yadi biyu, ɗaya da saiwar tsibirinmu na Schouwen 'yar shekara uku, ɗaya da na kwalta. Mun dafa su da sabulu, mun shanya su a rana duk bazara, mun sake dafawa. Tsofaffin marina sun kasa rabewa. Na kwaltar ba ya son gona, ba ya jiran shekara uku, ba ruwansa da ƙuri'a, kuma kowane wata arha yake ƙarawa. Bana akwai sauran masu sayen saiwa. Baɗi ban ga wanda zai tambaye ta ba.

Na sa miki ƙyalle biyu a ciki. Wanda na ƙulle wa kusurwa shi ne na kwalta. Ba don Baba na aiko ba, don ke ne, ki gani da idonki.

Ki buɗe kunyoyin. Ki nemo masu haƙa ko daga ina ne. Ki je wajen Stoffel ki karɓo layinki, in ya ƙi ki nemi ko na ƙarshe. Ki yi ƙoƙari sunana kada ya fito, saboda yara. Amma in zaɓi ya zama tsakanin sunana da gonar Joos, ki ceci gonar.

Ki amsa min da zarar kin karanta.

Ƙaninki,
Lieven


Renton, tsakiyar Nuwamba, 1873

Yaya Krina,

Gaisuwa gare ki da Baba. Mu lafiya.

Wata guda ke nan ban ji komai ba. Ban sani ba ko wasiƙata ta Glasgow ta iso, ko iska ta hana jirgin fito, ko kuwa ta iso kin karanta kin yanke cewa ba ki da ƙani. In na ƙarshen ne ban ga laifinki ba, amma ki rubuto min ko layi ɗaya ne.

An soke odar saiwa ta Rotterdam ta sabuwar shekara. An kwance dutsen niƙan saiwa a ma'aikata, an jingine shi a bango. Safiyar yau na ga ƙanƙara a bakin kogi, na tsaya ina tunanin ko ƙasar bayan ganuwa ta fara tauri. Ishbel ta ce na daina cin abinci kamar mutum.

In ba ki sami waccan ba, ga ta a kalma ɗaya, wannan karon na duba ta sau uku: ki haƙa.

Lieven


Dreischor, farkon Disamba, 1873

Ƙanina Lieven,

Muna lafiya, muna gaishe ku. Wasiƙunka biyu sun iso a kan lokaci, kada ka zargi jirgin fito. Hannuna ne ya tsattsage, sai makon nan ya yarda ya riƙe alƙalami. Ka ci abinci. Fushin da na yi da kai na yi shi a gona, ƙasa ta shanye.

Ranar da na karanta ta Glasgow na tafi gidan busarwa kai tsaye. Layina na uku ya riga ya tafi, saiwar Stoffel tana saman wuta, ƙamshinta har hanya. Na same shi na roƙi layinsa na Fabrairu. Ya ce layin da aka miƙa da hannu ba ya dawowa, na Fabrairun kuma ya yi wa surukinsa alkawarinsa. Sai ya kalle ni ya ce, "Ke da kika rufe da murna, me ya sa kike son buɗewa? Me ɗan Skotlan ya gani?" Na ce ba abin da ya gani, ra'ayi na sake. Ya ce mace tana sake ra'ayi a kan hula, ba a kan gona ba, in na faɗa masa dalili zai duba. Na dawo gida ban faɗa ba.

A gida kuma Baba ya ce muddin yana numfashi ba mai sa shebur a kunyar da aka rufe. Ya ce abin kunya ne, tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa yi ba. Na yi kwana biyu ina lallashi, sanyi yana ƙaruwa. A na uku na ɗauko abin da ka ce ba don shi ka aiko ba. Na ajiye ƙyallayen a kan tebur, na ce masa ɗaya namu ne, ɗaya ba namu ba, ya nuna min namu.

Ya ji daɗin tambayar. Ya kai su bakin taga, ya murza, ya shinshina, ya jiƙa da yawu ya goga a farcensa. Bai yi gaggawa ba. Sai ya ɗaga mai ƙullin ya ce, "Wannan namu ne, 'yar shekara uku, ƙasa mai nauyi. Wancan kuwa na Faransawa ne, a ba wa yara su yi wasa."

Na faɗa masa. Na karanta masa wasiƙarka duka.

Bai ce ƙarya ne ba, abin da na fi tsoro ke nan kuma na fi so. Ya zauna da ƙyallen a hannu har kofinsa ya huce. Sai ya ce, "Shebur ɗin Joos yana ina?"

Kafin ya je gona ya sa hularsa ta coci ya tafi gidan Stoffel da ƙyallayen. Na tuna masa sunanka zai fito, ya ce ya sani, shi ya raɗa maka shi. Stoffel ma mai ƙullin ya zaɓa. Yana da gona guda da ya rufe bana, kamar ni. Ya ba ni rabin layin Fabrairu da ma'aikatansa biyu, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ka san Stoffel. Kafin Lahadi rabin ƙauye suna buɗe kunyoyi, fasto yana kallo daga kan ganuwa yana tambaya ko annoba ce ta shiga ƙasa.

Masu haƙa sun riga sun watse, sai muka yi da kanmu: ni, da mutanen Stoffel, da matan da nake zama kusa da su a coci. Aikin ninki biyu ne, a kwashe ƙasar da muka lulluɓa, sannan a nutsa shebur har gwiwa. Da safe sai mun jira rana ta sassauta ƙanƙara. Baba ba ya iya haƙa, sai ya zauna a kan kwando yana karkaɗe ƙasa daga saiwa. Saiwar ta yi kyau, Lieven. In ka karya ta cikinta kamar jini. Yanzu tana jibge a rumfa tana jiran wuta.

Ba ta tsira ba tukuna, sai ta bushe, an daka, an samu mai saye. Kuma ina tsoron abin da surutun ƙauyen nan zai jawo maka. Ka rubuto min gaskiya.

Matar yayanka,
Krina


Dreischor, Maris, 1874

Ƙanina Lieven,

Gaisuwa gare ka da Ishbel da yara. Baba yana nan, sai dai ya rage fita.

Na karanta wasiƙarka ta Janairu. Ka ce da mai ma'aikata ya tambayi wanda ya sa manoman tsibiri ɗaya suka cika Rotterdam da saiwa a tsakiyar hunturu, ka miƙe ka ce kai ne. Ka ce an bar maka gidan, an dai mayar da kai wajen wanke yadi a kogi, wai aikin yana da iska mai kyau. Na san ruwan kogi a watan Janairu. Ga safar hannu biyu na saƙa maka, kada ka ba wa kowa.

An busar da saiwar, an daka, mai duba kaya ya buga wa gangunan hatimin daraja ta farko. Dillali ya taya abin da bai kai rabin wanda Joos yake samu ba. Na sallama a ranar, ban ko zauna ba. Waɗanda suka ce za su jira ya ƙaru har yau gangunansu suna sito, surukin Stoffel yana cikinsu. Abin da na samu zai kai mu kaka, kuma gonar tana hannunmu.

Dankali da albasa zan shuka. Wani mutum yana yawo yana lallashin manoma su shuka saiwar da ake yin sukari da ita. Ya kawo wa Baba guda, Baba ya yanka ya ga fara sol, ya miƙa masa abarsa. Ƙyallen mai ƙulli kuwa yana aljihunsa. Wani lokaci sai in gan shi a bakin taga ya fito da shi yana dubawa, yana neman inda ya gaza.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a Disamba. Kunya ɗaya ban buɗe ba, ta bakin ƙofar gona, wadda Joos ya fara dasawa. Ba ta sayarwa ba ce. In kaka ta yi za ta cika shekara uku, Baba zai haƙe ta da hannunsa in Allah ya kai mu, a rina wa 'yarka mayafi, ta san daga inda ubanta ya fito.

Ka ce bana in rufe. To na rufe, ƙanina: kunya ɗaya rufewa irin tamu, sauran duka rufewa irin taku.

Matar yayanka,
Krina